Kimiyyar Shirya Mota Kafin Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kaɗo daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, musamman ta kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Direbobin da ke bin hanyar Gumel zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis sun san wahalar tayar da mota da asubahin wannan lokaci. Ga dalilan haka a kimiyyance.

Da farko, batir yana samar da lantarki ne ta hanyar haɗuwar darma da ruwan asid. Sanyi kan rage saurin wannan haɗuwa, don haka batirin da ya raunana yakan kasa juya inji. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yakan nuna kimanin bolt 12.6. Ya kamata a auna shi, a kuma goge kawunansa.

Na biyu, baƙin mai yakan yi kauri da sanyi, saboda haka a sake shi idan ya tsufa. Na uku, ƙura kan toshe matatar iska, inji ya rasa isasshiyar iskar ƙona fetur, ƙarfinsa ya ragu, shan mai ya ƙaru. A riƙa kakkaɓe ta, ko a sa sabuwa.

Haka nan iska kan tsuke idan ta yi sanyi, shi ya sa ake auna iskar taya da safe kafin a hau hanya.

Babban haɗari dai shi ne hazo, domin yakan ɓoye dabba ko babbar motar da ke gaba. A tabbata fitilu da birki suna aiki, a wanke gilashi, a rage gudu.