Hukuncin Tsayawa A Jan Allo Idan Hanya Ba Kowa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasinmu na wannan mako ya taso ne daga takardar da wani ɗalibi ɗan ƙasarmu ya aiko mana daga Amurka. Ya ce a unguwar da ya ke zaune kusan kowace mararraba an kafa mata jan allo mai kusurwa takwas, an rubuta STOP a jikinsa, watau tsaya. Yakan fita da asuba a mota zuwa masallaci, ya wuce irin waɗannan alluna har bakwai, ba mota, ba mutum, ko kare ba ya gani. Ya kuma lura 'yan ƙasar da kansu da yawa ba su tsayawa, sai su rage gudu, su leƙa, su zarce. To, shin akwai laifi a kansa wurin Allah idan ya yi yadda su ke yi, musamman da ya ke gudun kada raka'a ta kuɓuce masa?

Amsa a taƙaice ita ce, wajibi ne ya tsaya cik, har taya ta daina juyawa, ya duba, sa'an nan ya wuce. Amma da ya ke malamai sun hana mu karɓar hukunci ba tare da sanin mafitarsa ba, bari mu bi abin daki-daki.

Da farko sai mu san allon kansa. An fara kafa shi a birnin Ditiroyit na Amurka a 1915, bai kuwa zama ja ba sai a 1954, kafin nan rawaya ne. An ba shi kusurwa takwas domin a shaida shi ko ta baya, ko da ƙura ko ƙanƙara ta rufe rubutun. Yarjejeniyar alamomin hanya da aka ƙulla a Biyana a 1968 ta ƙara bazuwarsa a duniya, alhazai ma sun gan shi a Makka da Madina da rubutun Larabci. Abin lura a nan shi ne hukuma tana da alama iri biyu. Akwai mai kusurwa uku wadda tsininta ke duban ƙasa, ma'anarta ka ba na babbar hanya dama. Idan ka hango ba kowa, wuce abinka ba sai ka tsaya ba. Wannan an bar wa direba shawara a hannunsa. Shi kuwa mai kusurwa takwas, karɓe shawarar aka yi daga hannunsa. Wanda ya mai da na biyun kamar na farko, ya mai do wa kansa abin da aka karɓe ke nan, ba da izinin kowa ba.

Mai tambaya zai ce, ai an kafa allon ne don kada a yi karo, ni kuwa na tabbata ba wanda zan kara da shi, in dalili ya kau ai hukunci ya kau. Wannan magana tana da kamar gaskiya, kuma a nan ne ilimin Usulul Fiƙhi ya ke da amfani. Malaman Usulu sun rarrabe tsakanin illar hukunci da hikimarsa. Illa ita ce siffa bayyananniya wadda kowa zai iya aunawa, hikima kuwa ita ce amfanin da ake nufi, wadda sau da yawa ba ta da ma'auni tsayayye. Hukunci kuwa da illa ake rataya shi. Dubi sallar ƙasaru. Hikimarta sauƙaƙa wa matafiyi wahala, amma shari'a ba ta ce duk wanda ya ji wahala ya yi ƙasaru ba. Tafiya ta sa, wadda a Malikiyya aka ƙayyade da mil 48. Saboda haka wanda ya tashi daga Kano zuwa Jidda a jirgin sama, yana zaune cikin sanyi ana kawo masa abinci, zai yi ƙasaru. Ɗan dako kuwa da ya wuni ƙarƙashin buhu cikin rana a kasuwar garinsu zai cika huɗu. Don me? Don da an bar abin ga jin kowane mutum, da hukunci ya watse, gama ba wanda ba ya iya samo wa kansa uzuri.

Haka abin ya ke ga allon nan. Hikimarsa tsare rai, illarsa kuwa isowarka gabansa. An yi haka ne musamman don a rufe ƙofar wannan kalma ta "ba kowa". Ku tambayi direbobin da suka taɓa buge mutum a mararraba, da wuya ku sami wanda zai ce ya gan shi ya taka. Abin da ake ji kullum shi ne, wallahi ban gan shi ba. Kuma gaskiya ya faɗa. Ƙarfen nan da ke tsakanin gilashin gaba da na ƙofa yana iya ɓoye mai keke ɗungum, balle yaro. Motar da aka ajiye a bakin kwana tana tare ido, haka shinge, haka duhun asuba. Idon da ke neman fitilar mota kuma yakan tsallake mai tafiya a ƙasa. Ga lissafi mai sauƙi: motar da ke silalawa da gudun kilomita 15 a awa tana cin mita huɗu da 'yan kai a kowace daƙiƙa, direba kuwa yakan ci daƙiƙa guda ko fiye tsakanin ganin abu da taka burki. Mita huɗun nan sun isa faɗin inda masu ƙafa ke tsallakawa. Kada kuma a manta, titin da ya yi tsit shi ne wanda tsoho ke sakin jiki a kansa, shi ne wanda yara ke bi da gudu ba waiwaye. Shirun da ya ruɗi direba shi ya ruɗe su su ma.

Ta fuskar nassi, aya ta 59 cikin Suratun Nisa'i ta yi umurni da ɗa'a ga majiɓinta al'amari, malamai kuma sun bayyana cewa wannan ya haɗa da duk tsarin da suka ɗora don maslahar jama'a muddin ba saɓo ba ne. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya lissafa kame cuta cikin haƙƙoƙin hanya. A kan irin waɗannan dalilai ne Majalisar Fiƙhu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a Burunai cikin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma hukuma na da ikon horon wanda ya karya su. In mai tambaya ya ce ai masu mulkin inda ya ke ba Musulmi ba ne, sai mu ce masa ya shiga ƙasarsu da amana, ya karɓi lasin tuƙi bisa sharaɗin zai bi ƙa'ida, farkon Suratul Ma'ida kuwa umurni ne da cika alkawura. Ran da allon ke tsarewa ma ba a tambayar addinin mai shi.

Sai batun lamuni, wanda ya kamata ya firgita kowane mai riƙe sitiyari. Tun kafin a ƙera mota, Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta bayyana cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta suna lamunin abin da ta taka. Mota ta fi dabba shiga wannan hukunci, don ita ba ta da nufin kanta. Idan rai ya salwanta, kisan kuskure ne, hukuncinsa na aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i: diyya, wadda ta ke raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, a kan dangin mai kisan na wajen uba, da kaffara a wuyansa shi kaɗai, wadda a zamanin nan ta koma azumin wata biyu a jere. Direban da ya tsaya ya duba sa'an nan wani ya faɗo masa yana da abin faɗi gaban alƙali. Wanda ya silale ya wuce, sakacinsa ya riga ya yi shaida a kansa.

Ba mu musun cewa akwai allunan da aka kafa ba bisa kan gado ba. A unguwannin Amurka akan dasa su don kawai a rage wa motoci gudu, injiniyoyinsu da kansu suna sukar haka, a Ingila kuwa da wuya ka ga allon sai inda kwana ta toshe gani. Amma gyaran wannan ta hannun hukuma ya ke bi. Jihar Aidaho ta sassauta wa masu keke a 1982, ta yarda su rage gudu su wuce in ba kowa; majalisa ce ta yi dokar, ba kowane mahayi ne ya yi wa kansa fatawa ba, kuma ba a sa masu mota ciki ba. Larura ita ma tana da hukuncinta. Wanda ya ga alamun 'yan fashi a mararraba da tsakar dare, ya ji tsoro mai tushe, ba za mu ce ya tsaya ba, sai dai a auna larurar gwargwadonta. Ƙyuya da gaggawa ba su cikin larura.

Saura zancen raka'a. Alluna bakwai, ko an ba kowane daƙiƙa biyar, ba su kai minti guda ba, sai ya fito gida da wuri da minti guda. In ma ya makara, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa an hana zuwa salla da gaggawa bayan an tayar da iƙama, an yi umurni a taho da natsuwa, a sallaci abin da aka riska, a cika abin da ya wuce. Wannan kuwa ga mai tafiya da ƙafa aka faɗa, wanda ko ya yi karo da wani iyakarta a ba juna haƙuri.

Wallahu a'alamu. Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu duba wanda diyya ke hawa kansa idan direban haya ne ya yi haɗari da motar ubangidansa.