Gawut: Garkuwar Jiki Ce Ke Rura Wutar Kumburi

Mu da ke duba masu ciwon gaɓoɓi mun saba jin ana cewa gawut ciwon masu cin nama ne. Gaskiya ne jan nama da kayan ciki suna ƙara sinadarin yurik asid a jini, kuma idan ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita yakan daskare ya zama ƙananan tsinkaye a cikin gaɓa, galibi a gindin babban yatsan ƙafa. Sai dai mutane da yawa suna da yawan wannan sinadari amma ba su taɓa kwana da raɗaɗin gawut ba. Abin da ke kawo kumburi da zafi shi ne martanin garkuwar jiki. A 2006 Jürg Tschopp da abokan aikinsa a Lozan ta Suwizalan sun nuna cewa tsinkayen suna tayar da wani tsari mai suna NLRP3 a cikin ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofaj, su kuma su saki sinadaran kumburi na IL-1β da IL-18.

A nan ne wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira NK suke shigowa. An gano su a 1975, kuma an fi saninsu da kashe ƙwayoyin jiki da bairos ko cutar daji ta kama, ba tare da jiran horo ba. Amma suna kuma sakin sinadaran kumburi. IL-18 yana tayar da su, su saki sinadarin intaferon gama, wanda ke ƙara zuga makrofaj, sai kumburin ya riƙa ciyar da kansa. An samu ƙwayoyin NK a ruwan gaɓoɓi masu kumburi, ana kuma ci gaba da binciken girman rawarsu a gawut, inda wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira nitrofil suka fi kowa yawa lokacin tashin ciwon.

Wani zai ce, tunda babu maganin gawut da ke nufar NK, ina amfanin sanin wannan? Amfaninsa babba ne. Ya nuna cewa mai gawut ba raunin garkuwa ke damunsa ba, don haka magungunan da ake tallatawa da sunan ƙara ƙarfin garkuwa ba su ne mafita ba. Maganin kolcisin yana kwantar da martanin, amma muddin tsinkayen suna nan, garkuwa za ta sake tashi. Shi ya sa muke ba da alofurinol don a riƙe sinadarin yurik asid ƙasa da miligiram 6 a kowace desilita har tsinkayen su narke. Ciwon yakan motsa a farkon shansa. Kada a daina, a koma wurin likita. Yawan shan diklofenak barkatai don rage raɗaɗi kuwa yana iya lalata ƙoda.