Daga Turu Zuwa Gadon Asibiti

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ɗan yi bayani a kan tarihin asibitocin masu taɓin hankali a ƙasarmu, domin babu garin da wannan ciwo bai taɓa shiga ba.

A da can, a ƙasarmu ta Gobir, idan mutum ya taɓu sai a ce iskoki ne ko sammu. Akan kai shi wurin malam a ba shi rubutu, ko wurin boka da 'yan bori a yi masa turare. Idan yana duka, sai a sa shi a turu ko a buga masa mari. Tsofaffin garinmu Bafarawa sun shaida wannan da idonsu.

Da Turawa suka zo, sai suka kawo tsarin ƙasarsu, domin a Ingila dokar 1845 ta tilasta wa kowane lardi ya tanadi gidan mahaukata. Suka buɗe ɗaya a Yaba, cikin Ikko, a 1907, kuma suka kafa dokar mahaukata a 1916. Amma waɗannan gidaje na tsarewa ne kawai, magani kaɗan ne. A nan Arewa kuwa, sau da yawa gidan yarin En'e akan kai su.

Abubuwa biyu suka kawo canji. Na farko, a 1952 likitoci a Faransa suka fara amfani da wani magani mai kwantar da ciwon. Na biyu, a 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fito da wata dabara a Aro, kusa da Abeokuta. Sai majinyaci ya sauka a ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Da haka aka gane cewa zama cikin dangi shi kansa magani ne.

Yanzu akwai asibitocin Gwamnatin Tarayya a Kware kusa da Sakkwato da Barnawa a Kaduna da Dawanau a Kano. A 2023 aka sa hannu a sabuwar doka mai kare haƙƙin majinyata.

Duk da haka, daga Isa ko Sabon Birni zuwa Kware tafiya ce mai nisa, ga tsadar mota, ga rashin tsaro a hanya. Saboda haka har gobe wasu suna ɗaure a ɗaki. Mu da muka yi karatu, wajibinmu ne mu faɗa wa iyayenmu cewa ciwo ne mai magani, mu kuma hana yara jifar waɗannan bayin Allah. Allah ya ba su lafiya, amin.