Darasin Lafiya: Idan Ido Ya Yi Rawaya, a Kai Rahoto

'Yan'uwa cikin Almasihu, darasinmu na wannan fitowa a kan zazzaɓin shawara ne. Muna roƙon masu bishara da shugabannin zumuntar mata su karanta shi bayan sujada, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji.

Wata ƙwayar cuta ce da ake kira bairos take kawo wannan ciwo, maganin maleriya kuwa ba ya kashe ta. Sauron da yake ɗauko ta daga biri ko daga marar lafiya baƙi ne mai zanen fari a ƙafa, kuma da rana ya fi cizo. Saboda haka gidan sauro, duk da amfaninsa, bai isa ba. Wannan sauro yana ƙwai a randa, da tsohuwar taya, da kogon itace. A rufe randa, a kuma goge cikinta kowane mako, don ƙwan a jikin randar yake mannewa.

Kwana 3 zuwa 6 bayan cizo sai zazzaɓi ya zo, da ciwon kai, da ciwon baya, da amai. Yawanci ana warkewa. Amma wasu, bayan an ga kamar sauƙi ya samu, sai zazzaɓin ya dawo, ido ya yi rawaya, jini ya fito ta hanci ko baki. Kusan rabin waɗanda suka kai wannan hali suna mutuwa cikin kwana 7 zuwa 10.

Mun san al'adarmu: da an ce shawara ce, sai a nufi jiƙo, a ajiye mutum a ɗaki. A nan ne ake asarar rai, na marar lafiyar da na maƙwabta. Ciwon hanta da maleriya mai tsanani su ma suna sa ido rawaya, gwajin jini ne kaɗai zai bambance. Shi ya sa kowace ƙaramar hukuma take da jami'in sa ido kan cututtuka. Idan asibiti ya ga mai zazzaɓi wanda idonsa ya yi rawaya cikin kwana 14, sai a sanar da jami'in, a ɗebi jini a aika ɗakin gwaji, labari ya kai hukumar NCDC a Abuja. Mutum ɗaya tak idan aka tabbatar, ana iya kawo allurar rigakafi ga yankin duka. Amma in ƙauye ya yi shiru, wa zai sani? A 1986 wannan ciwo ya kashe dubban mutane a yankin Oju na Jihar Binuwai. Ya sake ɓullowa a Kwara a 2017, sa'an nan a Alkaleri ta Jihar Bauchi a 2019.

Ezekiyel sura 33 ta yi zancen mai tsaron da aikinsa shi ne ya busa ƙaho idan ya hango haɗari. Muna ba da shawara kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, da littafin rubutu ɗaya. Su rubuta ranar da zazzaɓi ya fara, da shekarun marar lafiyar, da inda ya yi tafiya, su raka shi asibiti a ranar. Kada a ba shi asfirin, yana ƙara zubar jini.

Allurar shawara sau ɗaya ta isa har tsawon rai, ana yi wa jariri a wata 9. Iyaye su duba katin yaransu.

Masu kiwo kuma, kaska tana ɗauke da wani zazzaɓi mai sa zubar jini, saniyar kuwa ba ta nuna alamar ciwo. Kada a murtsuke kaska da yatsa, a jefa ta cikin kananzir. Duk wanda zazzaɓi ya kama bayan cire kaska ko fiɗar dabba, ya gaya wa ma'aikacin lafiya haka tun da farko.