Amsoshin Tambayoyinku: Sukarin da ke Riƙe Tsoka

Wannan tambaya daga Malama Hadiza ce a Azare. Ta ce, wai da gaske ne akwai sukari a jikin ƙwayoyin tsokarmu, kuma mene ne aikinsa?

To Malama Hadiza, gaskiya ne, amma ba ruwansa da ciwon sukari. A bayan kowace ƙwayar tsoka akwai wani furotin mai suna distiroglaikan. Jiki na jera masa ƙananan sukari iri biyu, ɗaya bayan ɗaya, kamar tasbaha. Wannan sarƙar sukari ce ke ɗaure ƙwayar tsoka da tantanin da ya kewaye ta, don kada ta yage yayin motsi.

Idan sarƙar sukarin ta gajarce saboda larurar gado, tsoka kan raunana tun yarinta, wani lokaci har ido da ƙwaƙwalwa su taɓu. Wani nau'in wannan larura da ake kira Fukuyama ya fi yawa a Japan.

Haka nan, ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa wannan sarƙar take kamawa kafin ta kutsa cikin ƙwayoyin jiki. Da fatan kin gamsu.