Darasi: Me Ya Sa Hanya Ɗaya Ta Samar Da Wutar Lantarki Ba Za Ta Ishe Mu Ba?

Darasinmu na yau zai ɗan fita daga cikin waya ya koma kan abin da ke raya ta, wato wutar lantarki. Za mu duba inda wutar da ke zuwa Ikara, Maƙarfi da Kudan take fitowa, dalilin da ya sa take yawan ɗaukewa, da hanyoyin da duniya ke bi don kada a dogara da tushe guda. A ƙarshe akwai ɗan lissafi da zai yi maka amfani ranar da za ka sayi sola.

Duniya na ƙara shan wuta

Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ce wutar da aka sha a duniya ta ƙaru da sama da kashi 4 cikin 100 a shekarar 2024 kaɗai. Na'urorin sanyaya ɗaki, motoci masu caji da masana'antu duk suna cikin dalilai. Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye: duk bidiyon da ka kalla a TikTok ko saƙon da ka tura ta WhatsApp, sai ya bi ta wasu manyan gine-gine cike da kwamfutoci, da ake kira cibiyoyin adana bayanai. A 2024 waɗannan cibiyoyi sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya, kuma hukumar ta yi hasashen abin zai ninka kafin 2030 saboda ƙirƙirarriyar basira. Shi ya sa a watan Satumba na 2024 kamfanin Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar sake tayar da wani injin nukiliya da aka rufe a Amurka, don ya samu wutar da ba ta yankewa.

Daga ina wutarmu take zuwa?

Kamfanin Kaduna Electric, wanda har yau mutane ke ce wa NEPA, rabawa kawai yake yi a jihohin Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Ba shi ke samar da wutar ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na wutar Najeriya daga iskar gas ake samun ta, kuma yawancin tashoshin suna kudu, irin su Egbin da ke Legas mai ƙarfin megawat 1,320. Yawancin ragowar daga madatsun ruwa ne na jihar Neja: Kainji da aka kammala a 1968, Jebba, Shiroro mai megawat 600, da sabuwar Zungeru mai megawat 700. A takarda tashoshin ƙasar za su iya ba da kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isowa ga jama'a bai cika wuce 4,000 zuwa 5,000 ba, ga mutane sama da miliyan 200.

Ka ga ke nan kafin wuta ta iso taransifomar unguwarku a Hunkuyi, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan 'yan layuka ƙalilan. A watan Oktoba na 2024 mun ga illar haka. An lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke biyowa ta Benuwai shi ma ya samu matsala, sai yawancin jihohin Arewa suka kwashe sama da mako guda cikin duhu. Masu niƙa, masu walda, masu ƙanƙara da masu cajin waya kowa ya ji a jikinsa.

Mu masu rubuta manhaja muna da ƙa'ida: kada ka gina tsarin da in abu ɗaya ya lalace komai zai tsaya. Shi ya sa ake ajiye kwafin bayanai a wuri biyu ko uku. Kai ma kana bin wannan ƙa'ida in ka sa layin MTN da na Airtel a waya ɗaya. Rarraba hanyoyin samar da wuta shi ne yin haka a matakin ƙasa.

Kowace hanya da ƙarfinta da rauninta

*Iskar gas:* tana aiki dare da rana, amma sai da bututu. In an fasa bututun ko masu gas ba a biya su ba, tasha ta tsaya. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, an yi shi ne don gas ya iso Arewa.

*Ruwa:* wutarsa na da araha in an gama ginin madatsa, amma tana bin damina. Zambiya da ke samun sama da kashi 80 na wutarta daga ruwa ta shiga matsanancin rashin wuta a 2024 lokacin da fari ya janye ruwan madatsar Kariba.

*Rana:* ita ce arzikinmu a nan. Farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. A Kumbotso ta Kano an buɗe tashar megawat 10 a Janairun 2023, Jami'ar Bayero kuma ta samu tata mai megawat 7.1 tun 2019. Rauninta shi ne dare, da ƙurar hunturu da ke rufe faranti, sai kuma tsadar batir.

*Iska:* tana iya kaɗawa da daddare lokacin da sola ke barci. Akwai tashar megawat 10 a Lambar Rimi ta jihar Katsina, wadda aka daɗe ana fama da aikinta. Kenya kuwa tana da ta tafkin Turkana mai megawat 310.

*Nukiliya:* wuta mai yawa ba hayaƙi, amma ginin na cin kuɗi da shekaru. Abin da da yawa ba su sani ba, akwai ƙaramin injin nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya tun 2004. Ƙarfinsa kimanin kilowat 30 ne, na bincike ne kawai, ba ya ba gari wuta.

*Sharar gona:* a nan ne yankinmu ke da abin cewa. Maƙarfi da Kudan sun yi suna wajen rake, kuma masu mazarƙwaila sun daɗe suna ƙona busasshiyar tuƙar rake don dafa ruwansa. A Brazil da Mauritius wannan tuƙar ce ake ƙonawa a tukunyar tururi, tururin ya juya inji, a samu wutar da masana'anta za ta yi aiki har a sayar da ragowar. Haka kashin shanu da ruɓaɓɓen tumatirin da ake zubarwa a Ikara lokacin da kasuwa ta cika, in aka rufe su a rami marar iska suna fitar da gas na girki ko na kunna janareto.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manufar ita ce a haɗa su ta yadda raunin wannan zai faɗo a lokacin ƙarfin wancan. Da rani madatsa ta ja baya amma rana ta buɗe. Da damina hadari ya rufe rana amma madatsa ta cika. Kenya misali ce mai kyau: tana haɗa zafin ƙarƙashin ƙasa na Olkaria da ruwa da iska. Nijar kuma ta koyi darasi mai zafi. A da kusan kashi 70 na wutarta daga Najeriya yake zuwa, da aka yanke bayan juyin mulkin Yulin 2023, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 na cikin abubuwan da suka rage wa Yamai raɗaɗi.

Me ya canza a dokarmu?

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu da kansu. Ga kuma ƙananan tashoshi masu zaman kansu da ke ba kasuwa ko ƙauye ɗaya wuta ba tare da babban layi ba, irin wadda aka kafa wa shagunan kasuwar Sabon Gari ta Kano. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, janareto ya zama sai mai hali, manoman rani da yawa sun fara komawa injin ban ruwa mai sola. Waɗannan tashoshi suna buƙatar masu haɗawa, masu gyara, da masu rubuta manhajar mita da biyan kuɗi ta waya. Aiki ne da matashin da ya gama sakandare zai iya koya.

Lissafin da ya kamata ka iya

Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗaukar kusan wat-awa 19. Yadda ake samu: 5,000 sau 3.85, a raba da 1,000. Farantin sola mai wat 100, a yankinmu da ke samun kimanin awa 5 na cikakkiyar rana, zai ba da wat-awa 500 a takarda. Cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi, ƙura da asarar waya, saura 375. Da yake caja ma tana ɓarar da wani abu, ka ƙiyasta wat-awa 25 ga kowace waya. Faranti ɗaya zai cika waya 15 ke nan a yini.

Don haka kafin ka sayi sola, rubuta wat ɗin kowace na'ura, ka ninka da awannin da za ta yi aiki, ka tara. Fanka mai wat 60 na awa 8 ita kaɗai 480 ce, ta fi ƙarfin faranti ɗaya. Ka riƙa goge farantin lokacin hunturu, kuma kada ka cire layin NEPA don ka sa sola. Bar su su taimaki juna.

Aikin gida: lissafa wutar da ɗakinka ke sha a yini, ka gano faranti nawa za su ishe ka. A darasi na gaba za mu kwatanta batirin lithium da na ruwa, mu ga wanne ya fi sauƙi in an duba shekarun da kowanne ke yi. Sai mun haɗu.