Amsoshin Tambayoyinku: Shin za a mai da mahaifiyata zakaran gwajin dafi?

Tambaya: An yi wa mahaifiyata aikin sankarar mama, saura ƙarin ruwan kemo da gashi. Likita ya ba mu takarda, wai idan ta yarda za a sa ta cikin bincike. 'Yan'uwa sun ce kada ta sa hannu. Mene ne gaskiya? Daga wani mai karatu a Sorau, yankin Mubi, Jihar Adamawa.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Tsoron 'yan'uwanka yana da tushe. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayani ba. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Yau doka ta hana fara irin wannan bincike sai da amincewar NAFDAC da kwamitin kula da ƙa'idojin bincike, kuma sai mara lafiya ya yarda da kansa.

A irin wannan bincike, yawanci kashi biyu ake raba marasa lafiya, kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin da aka saba, ɗayan a ba su sabon tsari, a bi su shekaru a ga wanda ya fi. Ba a barin mai sankara hannu rabbana.

Ga misalin amfaninsa. A da, gashin mama zuwa 25 ne cikin mako biyar. Binciken START da aka yi a Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 2008, ya nuna zuwa 15 cikin mako uku ya wadatar. A 2020 wani binciken ya nuna wasu matan zuwa biyar ya ishe su. Wanda ya ɗauko mara lafiya daga Sorau zuwa asibitin Shika ko na Abuja, yana biyan kuɗin mota da masauki da abinci, shi ya san darajar mako biyun da aka rage.

Amma sabon tsari yana iya zuwa da illar da ba a sani ba. Kafin ta dangwala yatsa, ku tambayi likita: Wa ya amince da binciken? Me za a yi mata idan ba ta shiga ba? Wa zai biya kuɗin magani da gwaje-gwaje? Idan illa ta taso cikin dare, lambar wa za a kira? A yi mata bayani da Hausa ko Fulatanci, a ba ku kwafin takardar.

Tana da 'yancin ƙi, ko ta janye a tsakiya, ba tare da an daina kula da ita ba. Ko ta shiga ko ba ta shiga ba, kada shawarar dangi ta sa a jinkirta kemo da gashin, domin sankara ba ta jira.